Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kalkuletar Baba

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya fara barina ina zama kusa da shi in yana aikin dare. To yau zancen kalkuletarsa ne, don wallahi in na rufe ido na tuna yarintata ƙarar botin ɗinta nake fara ji kafin muryar kowa.

Baba safiyo ne, awon ƙasa yake yi, kuma HP-35 gare shi, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya fitar a 1972, ita ce ta farko da za ka saka a aljihu ta yi maka lissafi mai zurfi irin su sin da cos da log. Sunan ma daga yawan botin ɗin ne, guda 35. Lambobin da take nunawa a sikirin jajaye ne ƙanana, kuma ba ta da alamar daidai, sai wani dogon botin shuɗi ENTER, ka saka lamba ka danna shi ka saka ta biyu sannan ka ce a tara. Ni dai a lokacin gani nake an yi ta a baibai.

Amma taurin botin ɗin nan shi ne labarin. Ka ɗora yatsa sai ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya ƙi, can sai kawai ya faɗa ƙas! kamar ka karya tsinke. Baba ko kallonta ba ya yi, idonsa na kan littafin awo hannunsa na tafiya ƙas ƙas ƙas, ni kuma ina kwance ina ƙirgawa har barci ya kwashe ni.

Wata rana ya fita ya manta ta kan tebur, ni kuma uban 'yan taimako na ce bari in sauƙaƙa wa Baba wahala, ai tsatsa ce ta sa take tauri. Na ɗauko man keken ɗinkin Umma na ɗiga a gefen 7 da 8, na yi ta dannawa ina jin daɗi. Ko kaɗan bai yi laushi ba, sai dai 7 ɗin ya koma wani lokaci ya fito wani lokaci ya ƙi.

Da dare yana fara aiki ya tsaya, ya shinshina yatsarsa.

"Wa ya taɓa min wannan?"

"Baba ni ne, gani na yi tana ba ku wuya."

Na gama sadakarwa duka zan sha, sai ya ce matso. Ya ɓata kusan awa yana kwance ta, ya nuna min ƙarƙashin botin, ashe wani siririn ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar baka, in ka matsa shi yana turjewa har ya kai inda zai lotsa gaba ɗaya ya taɓa na ƙasa, kana saki ya koma yadda yake. Man da na zuba ya kwashi ƙura ya shiga tsakani. Ya ce, "Taurin nan da gangan aka yi shi. In ban ji ƙas ba lamba ba ta shiga ba, kuma lamba ɗaya ta ɓace min na ba wa wani gonar wani."

Sai bayan shekaru na gane, da na sayi tawa mai botin roba laushi kamar soso, dole idona ya riƙa zarya tsakanin takarda da sikirin don yatsa ba ya gaya min komai. Har yau a waya ma haka nake fama.

Ya goge ta tas da auduga, 7 ya dawo, amma ya ce hukuncina shi ne ni zan riƙa karanto masa lambobin awo kullum da dare. Yadda wannan hukuncin ya kai ni har daji riƙe da sandar awo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.