Ranar da Ruwan Rijiya Ya Ƙaryata Ni a Gaban Ɗalibai

Shekara shida ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare ta ƙauye, kuma duk shekara idan muka zo darasin narkewa sai in rubuta a allo cewa gishiri yana rabuwa gida biyu a cikin ruwa, ɗalibai su kwafa, mu wuce. Bara wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, man shanu yana narkewa, sukari yana narkewa, gishiri ma yana narkewa. To duk abu ɗaya ne?" Na ba ta amsar littafi, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba. Gaskiyarta ce kuwa. Da kalma ɗaya muke kiran abubuwa uku daban. Man shanu zafi ne ke mayar da shi ruwa, alhali gishirin miya sai ya kai zafin digiri 801 kafin ya yi irin wannan narkewar, zafin da tukunyar miya ba ta ko kusantarsa.

Ba mu da ɗakin gwaji, don haka na haɗa abin da hannu ya kai: batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwai da na ciro daga matacciyar tocila, waya, da fensir biyu da na fiƙe ta kowane kai. Baƙin da ke cikin fensir yana ɗaukar lantarki. Sai a ɗaura waya a saman kowanne, a tsoma ƙasansu a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. In ruwan ya ba lantarki hanya, ƙwai zai kama.

Kuskurena shi ne ban gwada a gida ba. Na aiki yara suka ɗebo ruwa a rijiyar makaranta, na jiƙa gishiri a kofi ɗaya, sukari a ɗaya, na faɗa musu da ƙarfin gwiwa cewa na gishiri zai kunna ƙwai, na sukari ba zai kunna ba. Na gishiri ya kama tar. Na ɗauraye fensiran na tsoma a na sukari, shi ma ya kama, ko da yake haskensa bai kai na farko ba. Aji ya yi tsit. Na tsoma a ruwan rijiyar zalla, wanda ba a sa masa komai ba, ƙwai ya sake kamawa. Nan na gane inda gizo ke saƙar: ruwan da ya daɗe yana ratsa ƙasa da duwatsu ya riga ya kwaso nasa gishirin, irin su kalsiyam da magniziyam, tun kafin guga ya taɓa shi. Na ce musu a dakata sai mako mai zuwa, laifin nawa ne.

Ranar kasuwa na je gari wajen masu gyaran batirin mota na sayo tataccen ruwan da suke ƙarawa a batir, ba asid ɗin ba. Da shi komai ya fito fili. Ruwan shi kaɗai, ƙwai bai kama ba. Aka zuba sukari cokali uku aka motsa, shiru. Aka soka fensiran cikin busasshen gishiri, nan ma shiru. Da yarinyar nan ta barbaɗa gishiri ɗan mitsitsi da yatsu biyu a cikin kofin, sai haske ya fara tasowa a hankali, tana motsawa yana ƙaruwa. Ban taɓa jin ajin ya yi sowa irin ta ranar ba.

Sai a lokacin bayanin ya samu wurin zama. Gishiri a bushe, sinadarai biyun da suka haɗu suka yi shi, wato sodiyam mai cajin lantarki na tarawa (+) da kilorayid mai cajin ɗebewa (−), suna riƙe da juna gam, a jere kamar tubalin gini, babu mai motsi. Ita kuwa ƙwayar ruwa tana da fuska biyu: ɓangaren iskar oksijin ya karkata ga cajin ɗebewa, ɓangaren haidurojin ga na tarawa. Sai ƙwayoyin ruwa su yi wa gishirin taron dangi, masu juya fuskar oksijin su janye sodiyam, masu juya ta haidurojin su janye kilorayid, kowanne ya tafi da zugar ruwa kewaye da shi. Waɗannan 'yan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon, sunan da Michael Faraday ya fito da shi a 1834 daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke tafiya. Tafiyarsu zuwa fensiran nan biyu ita ce ke ɗaukar lantarki. Sukari shi ma ruwa yana raba ƙwayoyinsa, amma kowace tana nan cikakkiya, ba caji. Na ba su labarin Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin, wanda ya kawo wannan ra'ayi a kundin digirinsa a 1884, malamansa a Uppsala suka ba shi maki kaɗan, sannan a 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kansa.

Da muka bar fensiran a ruwan gishiri mai kauri, kumfa ta taru a bakinsu, wari irin na bilic ya ɗan taso. Iskar kulorin ce, na cire batir nan take na sa aka buɗe tagogi. Na kuma ja musu kunne sosai kada wani ya kuskura ya gwada wannan da wutar soket a gida.

Mun auna iyakar narkewa ma. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar gishiri kamar giram 36, daga nan komai motsawa sai ya kwanta a ƙasa. Ɗalibai suka ce a dafa ruwan. Ko ya tafasa bai wuce giram 39 ba, alhali sukari kusan giram 200 yake shiga a ruwan da ba a ɗora a wuta ba, da zafi kuma ya ninka haka.

Ruwan rijiyar da ya kunyata ni shi ya ba mu gwaji mafi kyau. Na roƙi uwargida ɗan gutsuren kanwa, na jiƙa a tataccen ruwa, na tace da ƙyalle har ya yi garau, na zuba a ruwan rijiya. Ruwa biyu masu haske suka haɗu suka yi fari-fari kamar an ɗiga nono. Kabonet na kanwa ya sami kalsiyam na rijiya, suka riƙe juna da ƙarfin da ruwa ba ya iya rabawa, suka zama alli. Wani yaro ya ce irin farin da ke kama cikin butar shayin babansa ke nan, kuma ya yi daidai. Kalsiyam ɗin nan ne ke hana sabulu kumfa idan mata na wanki a bakin rijiyar.

Ragowar ruwan gishirin muka zuba a baƙin faranti muka ajiye a bakin taga. Na ce musu da rana ake samun gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa Agadas: a tara ruwan a ramuka, zafi ya ɗauke shi. Bayan kwana huɗu farantin ya bushe. Yarinyar ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannunta, muka duba da gilashin ƙara girma. Tana da kusurwoyi tsaf kamar ƙaramin akwati, har da 'yan matakala a tsakiyarta.