Tsamin bakin ɗana, linzami da kunne

Ɗana na biyu yana da shekara 4 da rabi lokacin da maganarsa ta fara damuna. Kaza ita ce "taza" a bakinsa, kifi "tifi", ruwa kuma "yuwa". A cikin gida mun saba, har yayyensa suna yi masa tafinta, amma ranar da na aike shi wajen mai tebur a bakin layinmu a unguwar Birni ta Damagaram, ya dawo hannu wofi yana kuka domin mutumin bai gane abin da yake nema ba, sai na san lamarin ya wuce abin dariya.

Mahaifiyata ba ta ga abin tayar da hankali ba. Ta ce mini: "Linzami ne, a kira wanzami ya yanke, mu ma haka aka yi mana." Na ce mata: "Inna, ki yi haƙuri a fara kai shi asibiti, in ba a ga komai ba sai mu dawo kan maganarki." Ban raina sanin manya ba, sai dai akwai abin da bai zauna mini ba. Linzami, wato fatar nan da ke ƙarƙashin harshe, kan harshe yake riƙewa, alhali "k" da bayan harshe ake yin ta, kuma "t" da yaron yake sakawa a madadinta, wadda ita ce ke buƙatar ɗaga kan harshe, yana furta ta sarai.

Likitan da ya duba shi bai daɗe a bakin ba, kunne ya koma. Ya tarar da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa, abin da kan biyo bayan yawan mura da ciwon kunne, ya sa yaro ya riƙa jin magana kamar daga bayan bango. Ya kuma tambaye ni ko yaron ya taɓa yin sanƙarau, tambayar da ta dace a Damagaram, tunda Nijar tana cikin yankin da cutar ke yawan ɓarkewa da rani, kuma kurumta tana cikin abubuwan da take bari. Alhamdu lillahi bai taɓa yi ba.

Kunne ya samu sauƙi, amma baki ya riga ya saba. Ƙwararren gyaran furuci, wanda ake kira ortofonis da Faransanci, sai a Yamai muka same shi, tafiyar kusan kilomita 900, don haka zuwa ɗaya muka yi, ya koya mana aikin, muka dawo da shi gida. Abu na farko da ya hana mu shi ne tsawa da cewa "faɗi daidai". In yaron ya ce "taza", sai mu amsa: "E, kaza ce, kaza tana cin hatsi." Sannan ya nuna mana yadda za a danne kan harshe a hankali da ƙaramin cokali a bayan haƙoran ƙasa, yaron yana kallon madubi yana cewa "ka, ku, ki".

Wasan da ya fi amfani shi ne na kalmomi biyu masu bambancin harafi ɗaya. Nakan ajiye ƙullin kaya da tsohuwar tayar keke a tsakar gida bayan magariba, in ce ya nemi wanda yake so. In ya ce "taya" alhali kaya yake nufi, taya nake miƙa masa, shi kuwa ya yi ta bori har ya gane cewa harshensa ne ke zaɓar masa. Minti goma muke yi, ba ma wucewa, domin da zarar ya gaji sai "t" ta dawo.

Yanzu ya shiga lakwal, kuma mushensu, wato malaminsu, yana gane shi ba tare da tafinta ba. "R" ce ta rage, wadda dama tana cikin sautukan da yara kan makara wajen kamawa, ga shi kuma Hausa iri biyu gare ta. Har jiya "yuwa" ya roƙi Inna, ita kuwa ta ɗebo masa a randa tana kallona ta gefen ido.