Dorina a bakin get

A ƙarshen zangon nan zan bar makarantar da nake koyarwa a Gusau, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saɓanina da shugabanmu kan yaran da ke makara.

Tsarinsa ɗaya ne. Da an gama taron safe a rufe get, duk wanda ya zo bayan nan ya sha dorina, ya yi tsallen kwaɗo har bakin aji. Ba ya tambayar dalili. Alhali kowa ya san irin yaran da muke da su yanzu. Tun kafin a kwashe ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021 mutane ke baro ƙauyukan Maru da Anka da Zurmi saboda 'yan bindiga suna shigowa gari, wasu a kango suke kwana.

Akwai wani yaro a ajina, maraya, da ke tura kurar ruwa tun asuba kafin uwarsa ta samu abin ɗora tukunya. Ranar da layi ya zo kansa na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini wannan, ni zan hukunta shi." Sai ya ɗaga murya a gaban ɗalibai ya ce, "Malam, irinku ne ke lalata mana yara." Ya zane shi, har da ƙari. Ba a jima ba yaron ya daina zuwa. Na bi shi gida, uwar ta ce ya rantse ba zai koma ba. Har yanzu nakan gan shi da kurarsa wajen Tudun Wada, ya gaishe ni ya sunkuyar da kai.

Abin da ke min ciwo, shi shugaban a ganinsa wanda ba ya duka ba ya horo. Ni kuwa a ajina ba a tsallake doka. Wanda ya makara, bayan an tashi zai zauna ya rubuta darasin da ya wuce shi, ya share aji, ni ma ina zaune har ya gama. Ɗan mai kuɗi da ɗan gudun hijira duk haka. Hukuncin nan ya fi bulala cin lokacin malami, shi ya sa da yawa ba sa son sa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa jin ko tsawa daga gare shi ba, kuma ba wanda zai ce bai samu tarbiyya ba.

Ga sababbin malamai: a tambayi yaro kafin a hukunta shi, a yi masa faɗa a keɓe, kada a ambaci iyayensa da zagi. In ka faɗi hukunci ka cika shi. Ka nemi iyaye tun abu bai yi nisa ba.

A rahoton ƙarshen shekara shugaban ya rubuta cewa ina da rauni wajen riƙe ɗalibai. Rajistar ajina tana ofishinsa, kuma a duk makarantar babu ajin da ya kai nawa ƙarancin fashi.