Asabar: wanki, sabulu da canjin ɗari biyar

Yau ranar wankin Auta ce. Shekararsa 26, yana da lalurar galahanga, wato autism, kuma sai a bana ya fara wanke kayansa da hannunsa. Ba wai ba zai iya ba ne, babu dai wanda ya taɓa ba shi dama. A gidanmu kafin ya miƙa hannu an riga an yi masa.

Bayan sallar asuba ya tsaya gaban allon da ke ƙofar ɗakinsa. Hotuna ne a jere daga sama zuwa ƙasa: buroshinsa, bokitinsa, kofin shayinsa, igiyar shanya. Da wayata na ɗauka aka wanke mini su, don bai yarda da zanen bokiti ba, sai nasa shuɗin mai tsagaggen baki. In ya gama abu, sai ya cire hoton ya jefa a gwangwani. Ma'aikaciyar da ke duba shi a asibiti ce ta koya mini, ta ce irin tsarin TEACCH ne, wani shirin koyar da masu irin lalurarsa, wanda Eric Schopler ya jagoranci kafawa a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1972. Mu dai abin da muka gani shi ne, tun da aka manna allon ya rage bin Umma yana tambayar "sai me? sai me?"

Wankin daga matakin ƙarshe muka faro shi. Da farko ni ke jiƙawa, in cuɗa, in ɗauraye, in matse, shi aikinsa kawai ya shanya. Da shanya ta zauna masa, aka ƙara matsewa, sannan ɗauraya. Hikimar ita ce kullum a hannunsa aikin yake ƙarewa, ya ga rigarsa a igiya ya san shi ya kai ta. Yau muka zo kan cuɗa, mataki mafi wuya, saboda ba ya son santsin kumfa a tsakanin yatsunsa. Na ajiye masa roba da ruwa mai kyau a gefe, in ya ji ya ishe shi ya tsoma hannu ya dawo.

Ni kuwa aikina in rungume hannu in yi shiru. In ya tsaya, sai na ƙirga goma a zuci kafin in nuna masa da yatsa, in yatsa bai isa ba sannan in yi magana. Sau da yawa kafin in kai bakwai ya ci gaba da kansa. Umma tana bakin ɗakin girki tana ta mutsu-mutsu.

"Ke, wuyan rigar nan fa bai fita ba."

"Umma, don Allah ki bar shi, gobe ma rana ce."

Gaskiyarta, bai fita ba. Amma na gwammace riga mai sauran dauɗa da ya wanke da kansa a kan fara tas da aka wanke masa.

Wajen ƙarfe goma maƙwabta suka tada injin markaɗe. Ya toshe kunnuwa, ya fara jijjiga jiki. Na miƙa masa abin rufe kunnensa, muka jira. Ba a hana shi jijjigar, da ita yake kwantar da kansa.

Da la'asar na aike shi shagon bakin layi, da dubu ɗaya da hoton sabulu, ni ina nesa a gindin darbejiya. Kuɗi da fuska yake gane su, ba da launi ba. Dole ce ta sa: tun da Babban Banki ya fitar da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kowace tana yawo da launi biyu, tsohuwa da sabuwa. Fuskokin ne ba su canja ba. Sardauna ɗari biyu, Azikiwe ɗari biyar, mai mutum biyu dubu. Ya san in ya ba da mai mutum biyu, za a ba shi sabulu da Azikiwe.

To, yau mai shago ya miƙo masa Sardauna biyu da Awolowo ɗaya mai ɗari, ɗari biyar ɗin dai ke nan. Auta ya ƙi karɓa. Ya ƙame yana maimaita "Azikiwe, Azikiwe", yara suka fara taruwa. Ƙafata har ta ɗaga, na mayar da ita. Mai shagon, Allah Ya saka masa da alheri, ya kori yaran, ya lalubo ɗari biyar guda a aljihunsa, ya ce, "Ga shi nan, malam, ka gai da Hajiya." Haka lamarin yake: abin da ya koya a siffa ɗaya ba lallai ya gane shi a wata siffar ba, sai an sake koya masa kamar sabo.

Mun dawo muka tarar Gwaggo ta zo, har ta kawo labarin wani mai magani da ake dacewa a wurinsa. Kafin in buɗe baki Umma ta riga ni: "Yaya, mun sha wannan yawon tun yana goye. Ba jinnu ba ne, haka Allah Ya halicce shi. Kin ga rigunan can? Shi ya wanke." Gwaggo ta leƙa, ta ce ikon Allah.

Abin da ke hana Umma barci na sani, ko ba ta faɗa ba: wa zai riƙe shi bayan ranta. Wuraren koyarwar da na zagaya duk na yara ne, da mutum ya yi gemu sai gida. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan, amma ba ita za ta zo ta koya masa dafa shayi ba.

Da daddare na jera Sardauna biyu da Awolowo a gefe ɗaya, Azikiwe a ɗaya gefen, na ɗauki hoto. Litinin zan kai a wanke. Na kuma taɓa wa Umma zancen murhun gas, ta ce ko kusa. Na ce da kashewa kawai za mu fara, ina tsaye a kansa. Ta ce sai ta yi shawara da Abba.