Keken Sayayya Mai Gurguwar Taya

Asabar, da dare.

Har yanzu wuyan hannuna na dama yana ciwo saboda keken sayayyar da na tura yau a babban kanti. Lokacin da na zaro shi daga layi lafiya lau yake tafiya, domin irin wannan aibi ba ya bayyana sai kaya sun yi nauyi. Kaya suna kaiwa rabi, sai tayar gaba ta hagu ta fara karkarwa tana ƙara, keken kuma ya riƙa fizgata gefe guda kamar jakin da ya hango hanyar gida, ni kuwa ina ta danne shi don kada ya rushe gwangwanayen da aka jera.

Abin da ya fi ciwon hannun shi ne idon jama'a. Duk wanda ya ji ƙarar sai ya waiwayo, kuma ni yake kallo, sai ka ce ni ne ban iya tuƙi ba. A wani lungu mai ƙunci gaban keken ya gogi ƙafar wata dattijuwa. Na ce, "Yi haƙuri, Mama, tayar ce ta lalace." Ta ce, "Ba komai, ɗana," amma sai da ta matsa nesa kafin ta ci gaba da duba kayanta. Na yi tunanin sauya wani, sai dai hakan yana nufin komawa bakin ƙofa da sauke kaya ɗaya bayan ɗaya a gaban masu shigowa, don haka na daure.

Ashe jin kunyar tura keken sayayya ba yau aka fara ba. Sylvan Goldman, ɗan kasuwar da ya fito da wannan keke a kantunansa na birnin Oklahoma da ke Amurka a 1937, sai da ya ɗauki hayar mutane su riƙa tura shi a cikin kanti, domin maza suna ganin tura shi ragwanci ne, mata kuma sun ce keken jarirai ma ya ishe su. A 1946 wani Ba'amurke mai suna Orla Watson ya ƙirƙiro dabarar cusa wani keke cikin wani don rage cin wuri. Dabara ce mai kyau, amma a ganina ita ce take ɓoye gurgu a cikin masu lafiya, tun da wanda ya sha wahalarsa yakan cusa shi cikin layi ya yi gaba, na baya kuma ya zaro.

Bayan na biya kuɗi na nuna wa wani ma'aikaci. Ya kwantar da keken, ya sa tsinin wuƙa ya zaƙulo dunƙulen zare da gashi da yagaggiyar leda da suka nannaɗe ƙarfen tayar. Ya ce wannan mai sauƙi ne, amma ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe, shi ya sa ba ta taka ƙasa sosai, kuma sai an sauya shi. Ya ɗaura jan ƙyalle a mariƙin, ya jingine keken a bango, ni kuma na kwashi ledojina a hannu zuwa mota.