Asabar a cikin kogon Mammoth

Yau dai na shiga kogon Mammoth da ke jihar Kentucky a Amurka, kuma har yanzu gwiwoyina ba su yafe mini ba. Waje ana zufa, amma tun daga matattakalar shiga wata iska mai sanyi ke busowa daga ramin. A ciki ma'aunin zafi yana tsaye wajen digiri 12, shekara ta zagayo ta same shi a haka.

Jami'ar da ta jagorance mu ta ce abin da aka auna na kogon ya haura kilomita 680, babu na biyunsa a duniya. Mu ko kashi ɗaya cikin ɗari ba mu taka ba, amma wani dattijo a bayana sai haki yake, musamman a wani matsattsen lungu inda dutse ke gogar ƙugu dama da hagu, dole mutum ya karkace kafin ya wuce.

Na zaci zan ga duwatsu na rataye daga sama ko'ina, irin na hotuna. Ina! Yawancin inda muka bi busasshe ne ƙayau, kamar babban titin da aka rufa wa ƙasa. Da na tambaya, amsarta ce ta fi tsaya mini a rai. Dutsen wurin na farar ƙasa ne, wanda ya taru a ƙarƙashin wani tsohon teku shekaru kusan miliyan 330 da suka wuce. Ruwan sama yakan kwashi iskar kabon daga sararin sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya bi tsagogin dutsen yana cinsa sannu a hankali har ya fita kogin Green. Duk lokacin da kogin ya ƙara zurfi, sai ruwan ya bar tsohuwar hanyarsa ya fafe sabuwa a ƙasa, shi ya sa kogon ya zama hawa-hawa. A sama kuma akwai shimfiɗar dutsen yashi da ruwa ba ya iya narkarwa. Ita ta hana ɗiga, ita kuma ta hana rufin ruftawa. Ba don ita ba, da tuni tsofaffin hanyoyin sun zama kwari.

Masu bi wa Mammoth a tsawo ma kusan duk a dutsen da ruwa ke narkarwa suke. Ox Bel Ha na yankin Yukatan a Meziko cike yake da ruwa, sai masu nutso da tukunyar iska a baya ke auna shi. Shuanghe na lardin Guizhou a Sin ya wuce kilomita 400. Akwai Jewel a Dakota ta Kudu, akwai kuma Optymistychna a Yukren, wanda dutsensa na jifsam ne, wani dutse mai laushi da shi ma ruwa ke narkarwa.

Ni dai a ganina wannan jerin yana nuna naci ne na mutane kamar yadda yake nuna girman kogo, don abin da aka ja ciki aka auna kaɗai ake ƙirgawa. A 1972 wata tawaga ta haɗe Mammoth da kogon Flint Ridge da ke maƙwabtaka da shi, bayan wata siririyar mace, Patricia Crowther, ta kutsa ta wani tsukin da ya buɗe hanyar. Tun kafin su akwai Stephen Bishop, bawa ne da aka sa shi jagorantar baƙi daga 1838. Shi ya fara tsallake ramin da ake kira marar gindi, ya kuma zana taswirar kogon. Yau gada ce a kan ramin, da ƙarfen dafawa, amma duk da haka ban yarda na leƙa sau biyu ba.

Kabarin Bishop na nan kusa da ƙofar kogon, a tsohuwar maƙabartar jagorori. Motarmu ta ƙi jira, sai dai gobe da safe in Allah ya kai mu.