Godiya ga sajfam ɗin da ta yi gadi a daren haihuwar ɗiyarmu

Assalamu alaikum. Jiya aka yi sunan ɗiyarmu a nan unguwar Zariya, Maradi. Dangi, maƙwabta, abokan kasuwa, da waɗanda suka taso tun daga Tasawa da Madarunfa, Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gida lafiya.

Amma wadda ta sa na ɗauki waya yau, sajfam ce, wato ungozomar likita, da ban ma san sunanta ba.

Yarinya ta zo da kilo 2 da giram 300. Awa guda ba ta cika ba aka kwantar da ita a ƙirjin uwarta, fata da fata, aka ce ta kama nono. To nonon bai kawo ba, sai dakashi, ɗan ɗigo rawaya mai kauri. Da safe Innata ta ce a tatse shi a zubar, yadda aka yi mana, ta fiddo gorar ruwa daga kwando. Zafin Afrilu ne, in ji ta, babba ma ba ya wuni babu ruwa.

Ni ina bakin ƙofa, na rasa bayan wa zan bi. Sajfam ba ta ɗaga murya ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da ita.

"Inna, ke da kika raini takwas, ba ni zan koya miki ba. Amma dakashin nan shi ne rigakafinta na fari, kuma cikinta yau bai wuce ɗan cokalin shayi ba. Ruwan ki ba maijego ta sha, nono zai kai mata."

Inna ta yi shiru, ta miƙa gorar.

Kwana uku nono ya cika ya yi tauri, maiɗakina na hawaye, muka koma likita. Ita dai muka tarar. Ta nuna mata yadda za ta ɗan tatse ya yi laushi, ta jira yarinya ta buɗe baki sosai kafin ta sa mata. Ko dala ba ta karɓa ba, goron da na kai ma sai da na matsa.

Baiwar Allah, ke da abokan aikinki, Allah ya biya ku, ya jiƙan mahaifa.

An ce nono zalla har wata 6, sai Oktoba ke nan. Jiya wata gwaggo ta kawo rubutu a ba jaririya, Inna ta tare ta a tsakar gida, ta ce uwar za ta sha. Litinin za mu je awo, kuma Inna ta riga ta ce karne, wato littafin awon yarinya, a hannunta zai zauna.